Kwalliyar Da Ba Ta Biyan Kuɗin Sabulu

Duk wanda ya saba bi ta gaban ofisoshin gwamnati da bankuna a Kaduna ko Kano ko Abuja, ko ma filin ajiye motoci na wannan jami'a tamu ranar bikin yaye ɗalibai, ya riga ya ga abin da nake shirin yin magana a kansa. Ƙaramar mota ce, galibi Corolla ko Civic ko Golf 'yar Kwatano, wadda ta ci shekara goma sha a hannun wani Bature kafin ta ƙetaro teku, amma an ɗora ta a kan rim na aloyi mai walƙiya, inci 18 ko 19, da wata 'yar taya siririya a naɗe a jikinsa kamar an ɗaura wa faranti zare. Mai motar kuwa ɗan'uwanmu ne, jiya-jiyan nan muka gama cin garin rogo da ƙuli tare da shi a ɗakin kwanan ɗalibai. Ya sami aiki, ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata, ya sayi mota, muka taya shi murna. Amma tun bai juye man inji ba, tun bai sa an duba masa burki ba, sai ya cire ƙafafun da motar ta zo da su ya ɗaura waɗannan. Ni dai na ce wannan wauta ce, wauta mai tsada, wadda kuma wani lokaci ba a kan kuɗi kaɗai take tsayawa ba. Na san wasu cikin masu karanta wannan shafi za su ji haushi, domin motarsu ce na zana, ko kuma motar da suke mafarkin saye da albashin farko. To, su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, sa'an nan su kawo tasu hujjar a fitowa ta gaba.

Bari mu fara da lissafi, tun da dai mu 'yan makaranta ne, lissafin kuma bai wuce na ajin farko na sakandare ba. A jikin kowace taya akwai lambobi. Ɗauki wadda Corolla da yawa ke fitowa da ita daga masana'anta, 195/65 R15. Lamba ta farko faɗin tayar ne, milimita 195. Ta biyu tsayin gefenta ne, watau robar da ke tsakanin bakin rim da ƙasa, kashi 65 cikin ɗari na faɗin, in ka buga za ka sami milimita 127. Ta ƙarshe girman rim ce, inci 15. To, gurbin da ƙafa ke juyawa a cikinsa a jikin mota ba ya faɗaɗa don mai motar ya sami ƙarin girma a ofis. In rim ya ƙaru, tilas roba ta ragu, domin tsayin ƙafar gaba ɗaya ya zauna yadda yake. Rim inci 16 yana tafiya da taya 205/55, gefenta milimita 113. Inci 17 da 225/45, milimita 101. Inci 18 da 225/40, milimita 90. Inci 19 da 225/35, milimita 79. Wanda ya tashi daga inci 15 ya koma 18 ya zubar da milimita 37 ke nan, fiye da rubu'i, dab da sulusin robar da ke tsakaninsa da titi. Kuma kuɗi ya biya aka rage masa ita.

Mece ce amfanin wannan roba? Tambayi kowace 'yar talla, ko mai ɗaukar kaya a tasha, me ya sa ake naɗa gammo. Gefen taya da iskar da ke cikinta su ne gammon mota. Kafin sufurin ya motsa, kafin shok ya ji komai, taya ce ke fara karɓar duka. Sa'ad da ƙafa ta faɗa rami, ba faɗawar ce ke yin ɓarna ba, fitowar ce, lokacin da tayar ta yi karo da bakin kwalta na wancan gefen, mai kaifi kamar bakin dandamali. Nan tayar za ta lotsa. In tana da kauri, sai ta shanye dukan ta koma yadda take, direba ya ji gif, ya yi salati, ya wuce. In siririya ce, lotsawar kan ƙare tun dukan bai ƙare ba, sai bakin rim ya matse robar a jikin kwalta, ƙarfe ya haɗu da dutse. A nan ne zaren cikin taya ke tsinkewa, gefenta ya kumburo kamar ƙari, a nan ne kuma rim ke lanƙwashewa ko ya tsage. Gudu yana ƙara abin muni fiye da yadda mutane ke zato, domin ƙarfin da mota ke ɗauke da shi yana bin ninkin gudu a kan kansa ne, mai kilomita 100 a awa yana ɗauke da ninki huɗu na mai kilomita 50. Ka ƙara da rashin isasshiyar iska a taya, ka ƙara da irin lodinmu na tafiya gida hutun Salla, mutum shida da buhun shinkafa da jarkar mai, sai ka ga ɗan gammon da ya rage ma an riga an danne rabinsa tun ba a bar gari ba.

Sai kuma ƙarfen kansa. Rim irin na da, farantin baƙin ƙarfe ne da aka matse aka yi wa walda. In ya daki rami yakan lanƙwashe, bakanike ya sa guduma ya buge bakin, a ƙarasa tafiya. Shi kuwa aloyi, alminiyam ne da aka gauraya da silikon wajen kashi 7 cikin ɗari da ɗan magnesiyam, aka narkar, aka zuba a mazubi, sa'an nan aka gasa shi a tanderu na sa'o'i don ya yi ƙarfi. Iyayenmu mata ba su karanta ilmin ƙarafa ba, amma sun san bambancin. Kwanon sha in ya faɗi lotsawa yake yi, tukunyar nan ta zubi da ake kira ta dalma kuwa in ta sha mugun duka tsagewa take yi. Akwai aloyi na ƙira, wanda ake matsewa da manyan injuna maimakon zubi, ya fi juriya nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin mai matakin albashi na takwas, kuma ba kasafai ake cin karo da shi a shagunanmu ba. Abin da ya fi yawa shi ne na zubi, wani sabo ne marar suna marar asali, wani kuma tsoho ne da ya riga ya sha duka a wata ƙasa aka wanke aka fesa masa fenti.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba da aloyi nake faɗa ba. Aloyi mai kyau na inci 15 ko 16 da taya mai kauri a kansa yana iya shekaru a hanyoyinmu ba abin da ya same shi. Da girman nake faɗa, domin girman ne ke cinye gammon, ya bar ƙarfe mai saurin tsagewa tsirara a bakin rami.

Mugun abin game da tsagar aloyi shi ne ba ta fitowa inda ido ke gani. Fuskar rim ta waje tana da sanduna da ke tokare da ita zuwa tsakiya. Bakin ciki, wanda ke fuskantar ƙarƙashin mota, ba shi da matokari ko ɗaya, kuma gwargwadon faɗin rim gwargwadon nisan wannan baki daga inda ƙarfin yake. Can ne tsagar ke farawa, siririya kamar silin gashi. Mai mota zai wanke fuskar ta yi ta ƙyalli, bai san abin da ke baya ba. Abin da zai lura da shi kawai shi ne tayar nan ɗaya kullum tana shan iska, domin tayoyin yanzu ba su da tib, jikin rim ɗin ne ke riƙe iskar. Sai ya riƙa tsayawa wurin mai faci kowace safiya ana ƙara masa, yana zargin ƙusa. Tsagar kuwa tana ƙaruwa da kowane juyi na ƙafa.

Na ga wannan da idona a damina biyu da suka wuce, ina cikin motar. Wani abokina ne, shekararsa ɗaya da kama aiki, muka taso daga Zariya za mu ɗaurin aure Gusau. Mun makara, magariba ta riske mu bayan Giwa, ga ruwan Agusta ya cika ramuka ya shafe su daidai da kwalta. Wata babbar mota ta haske mu, ya kauce, ƙafar gaba ta dama ta faɗa wani rami da ƙara kamar an harba bindiga. Ba mu yi kilomita ɗaya ba tayar ta kwanta. Muka fito da safaya, sai ga wata sabuwa: notocin da aka ɗaure sababbin rim da su irin masu buƙatar makulli na musamman ne, sufanar motar ba ta kama su, makullin kuwa yana can shagon da ya saya, bai ma san ana ba da shi ba. Duk wanda ya san wannan yanki a shekarun nan ya san ba wurin tsayuwar dare ba ne. Mun yi fiye da awa biyu a gefen hanya, fitila a kashe, kowa na karanta abin da ya sawwaƙa, kafin wani mai babur ya yarda ya ɗauko mana wani dattijo mai faci daga ƙauye na gaba. Da kurfi da guduma ya kwance notocin. Ya juya rim ɗin, ya haska bayansa da tocila, ga tsaga ta kai tsawon ɗan yatsa.

Abokina ya ce, "Baba, ba za a iya liƙe shi mu ƙarasa ba?"

Dattijon ya ce, "Yallaɓai, ni roba nake liƙewa. Wannan takalmin gidan biki ne ka shigo da shi gona. Ina waɗanda motar ta zo da su?"

Ya ce ya bar wa mai shago, an rage masa kuɗi kaɗan. Dattijon bai ƙara cewa komai ba, ya ɗaura safaya, ya karɓi abin da muka ba shi, ya yi mana addu'ar sauka lafiya.

Maganar liƙewar nan ma tana bukatar a tsaya a kanta, domin nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami na biyu. Je ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, za ka ga masu walda da masu miƙe rim, cikinsu akwai gwanaye na gaske. Amma gwaninta ba ta canja halin ƙarfe. Ƙarfin aloyi daga gashin nan na tanderu ya samo shi, zafin walda kuwa yana warware wannan ƙarfi a kewayen wurin da aka liƙe, sai tsagar ta dawo a gefen ɗinkin. In kuma aka ce za a miƙe lanƙwasa da guduma ko da jak a sanyi, sau da yawa miƙewar ce ke haifar da tsagar da babu ita a da. Shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa rim ɗin aloyi da ya tsage a canja shi. Wanda ya yi wa rim ɗin gaba walda, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya hau babban titi da gudu 120, gyaran gangar Auzinawa ya yi, kuma ba shi kaɗai zai biya ba.

Yanzu bari mu saurari masu kare wannan ado, domin suna da abin cewa. Na farko sukan ce ai Turawan da suka ƙera motar su ne ke sa manyan rim, kuma mota ta fi riƙe hanya da su. Akwai gaskiya a ciki. Taya mai gajeren gefe ba ta karkacewa sosai a kwana, sitiyari ya fi jin magana, kuma babban rim yana ba da wurin sa babban burki. Amma a ina? A titin Jamus mai santsi kamar allo, a cikin motar da aka auna sufurinta da burkinta don wannan ƙafa tun daga masana'anta. Shi kuwa namu, burkin nan ne dai ƙarami na asali yake leƙowa ta tsakanin sanduna kamar ƙwayar gyaɗa a cikin ƙwarya. In kuma ana maganar motocin tsere ne, to a sani motocin gasar Formula 1, waɗanda ba a yi masu riƙe hanya kamarsu ba, a kan rim inci 13 da tayoyi masu ƙiba suka yi ta tsere shekara da shekaru har zuwa 2021, sai a 2022 suka koma inci 18. Direbobin da ke ratsa hamada daga Agadas kuwa, da masu kai magani ƙauyuka a cikin Land Cruiser, waɗanda lalacewar ƙafa ke iya zame musu ajali, ba za ka gan su da siririyar taya ba. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Har a aljihu ma cinikin faɗuwa ne. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada mota Golf guda ɗaya da rim daga inci 15 har zuwa 19, ta tarar mai inci 19 ta fi shan mai da wajen kashi 10 cikin ɗari, kuma ta fi nauyin tashi, domin babbar ƙafa ta fi nauyi ta fi faɗi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke sayen fetur tun bayan janye tallafi ran 29 ga Mayu, 2023. Ga kuma tayar kanta. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Ikeja a 2008, muka koma dogaro da tayar da aka shigo da ita da kuɗin waje. Siririyar taya ta fi tsada, kuma in ta fashe maka a Ɗandume ko Birnin Kudu, 195/65 za ka samu a rataye, 225/40 sai an aika birni. Ƙarshenta mai motar, da yake bashi bai bar masa komai ba, sai ya koma sayen ta gwanjo. Ko lambobi huɗun nan na jikinta da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta ba ya dubawa, alhali in ya ga 2316, to tayar tun mako na 23 na 2016 take duniya. Tsohuwar roba siririya a kan tsagaggen ƙarfe, a kanta ne ɗan'uwanmu mai digiri ke ɗora ransa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ita ce ɗalibai suka fi so. Sukan ce laifin ba na rim ba ne, na hanya ne, a je a tuhumi waɗanda suka ci kuɗin kwalta. Wallahi a tuhume su, ni ne farkon sa hannu. An kafa hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, tun 2002. An ba da kwangilar sake gina hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano a ƙarshen 2017, aka kai 2024 sashen Abuja zuwa Kaduna bai ƙare ba, har gwamnati ta soke kwangilarsa. Manyan da ke rattaba hannu a waɗannan takardu kuwa, lura da ƙafafun motocinsu: manyan jif ne masu tayoyi kamar turmi, in ma ba jirgin sama suka hau ba. Sun san hanyar da suka bar mana, sun yi wa kansu tanadi daidai da ita. Mu ne, 'yan matakin albashi na takwas da na tara, muka zaɓi mu yi kamar a wata ƙasa muke zaune. Rami ba ya karanta takardar koke. Zai nan yana jira a daren da za ka kai mahaifiyarka asibiti, ko an tuhumi ɗan kwangila ko ba a tuhume shi ba. Kuma kada mu manta, da yawa daga cikinmu injiniyoyi ne da akantoci masu jiran gado, a kan teburinmu fayil ɗin hanyar nan zai sauka nan da shekara goma. Wanda tun yana ƙaramin ma'aikaci ya saba fifita ƙyalli a kan abin da ke ɗaukar nauyi, ban ga dalilin da zai sa ya canja hali ran da aka ba shi kwalta ya shimfiɗa ba. Ai shafe-shafen da ake yi wa hanyoyinmu kafin zuwan babban baƙo, wanda ruwan farko ke kwashewa, ɗan'uwan fentin da ake fesa wa tsagaggen rim ne.

Iyayenmu ma sun yi nasu yayin. Da kuɗin Udoji suka shigo hannu a 1975 an sayi motoci da babura da rediyo kamar ba gobe, ba waliyyai ba ne su ma. Amma motar da ta zama ta ma'aikaci a wancan zamani ita ce Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a wannan shekara ta 1975, shekarar da kuma ta ci gasar Safari a kan birji da laka na Kenya. Ƙafarta rim ne na baƙin ƙarfe inci 14, da taya mai gefe wajen milimita 140. Ba wanda ya taɓa tsayawa kallon ƙafar 504, amma ta kai amare da gawawwaki da buhunan gero ƙauyukan da har yau ba su ga kwalta ba, wasu ma suna kan hanya har gobe.

Ga wanda ke shirin sayen mota, abin yi ba shi da wuya. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda da masana'anta ta manna, mai nuna girman taya da yawan iskar da motar ke bukata. In ta lissafa girma biyu ko uku, ɗauki mafi ƙanƙantar rim, muddin ya wuce kan burki bai goga ba. In motar ta zo da manyan rim daga can, nemi mai son ado ku yi musaya, shi zai ma cika maka kuɗi. In tsohon aloyi za ka saya, sa a cire tayar, a wanke bayan, ka duba bakin ciki a rana, ka shafa da hannu ko za ka ji tudun walda a ƙarƙashin fenti. Ka auna iska da geji da safe kafin taya ta yi zafi, ba da bugun ƙafa ba. Kuma ka tabbata sufanar da ke cikin but tana kama notocin da ke ƙafar.

Abokin nawa, bayan mun dawo daga Gusau, ya koma shagon neman rim ɗinsa na asali. An riga an sayar. Ya sayi wasu na ƙarfe inci 15 da tayoyi huɗu, kuɗin ya tasam ma albashinsa na wata biyu, ga bashin ƙungiya bai ƙare ba. Manyan rim uku da suka tsira suna nan jingine a bayan ƙofar ɗakinsa, na huɗun ya sa an yi masa walda an fesa fenti don saitin ya cika. Makon jiya ya gaya mini wani ɗan ajin ƙarshe a sashen injiniya, wanda yayansa ya bar wa mota, ya zo ya gani ya taya.